Fansar da Kanta Ya Nema a Littafi

Kanta masunci ne a tafkin Madarumfa, amma ko kifin da yake kamawa ya fi shi zama wuri ɗaya. Tun shekarar da aka kwashi mutane aikin dole, mai unguwa Gwamna ya nuna Illo, ƙanen Kanta, da yatsa, Illo ya tafi fasa dutsen hanya bai dawo ba, Kanta bai ƙara cin tuwo a zaune ba. Zuciyarsa tafasa take yi.

Wata ranar kasuwa ya ji Malam Audu, mai wa'azin mishan daga Maradi, yana cewa Almasihu Mai Fansa ya zo. Kanta ya kutsa cikin mutane.

"Malam, wanga Mai Fansa, shina ɗaukar ma talaka fansa?"

"Ai don talaka ya zo."

Shi ke nan fa. Kanta ya bar tsafin gidansu, ya shiga koyon boko da furfura a gemu. Shekara biyu yana bin Littafi Mai Tsarki da yatsa mai ƙarnin kifi, yana neman inda za a murɗe wuyan masu nuna mutane. Da ya kai ƙarshe, sai ya tarar Mai Fansar ne aka kashe, har yana roƙa wa makasansa gafara. Ya tafi Maradi a ƙafa, ya dire Littafin gaban Malam Audu.

"Malam, an yage wani wuri a nan."

"Ba a yage ba, Kanta. Fansa biyu ce. Akwai wadda ake ɗauka, akwai wadda mutum ke yi, ya shiga madadin wani."

Kanta ya yi tsaki ya koma gida, bai yarda ba, bai kuma iya yar da Littafin ba.

Da kaka aka dawo kwasar mutane. Gwamna ya tsufa, an tuɓe shi, sabon mai unguwa kuwa ya nuna Tanko, ɗan Gwamna tilo. Kanta na tsaye yana kallon tsohon. Ya ji daɗi ƙwarai, amma daɗin bai kai tsawon shan ruwa ba. Sai ga shi cikin layi, ya ture Tanko waje, ya tsaya a madadinsa.

Gwamna ya riƙo rigarsa. "Kanta, ka yahe mani ke nan?"

"Ban yahe ba, tsoho. Na dai gaji da jiran ɗaya fansar."

Waɗanda suka dawo sun ce a zangon farko da rana, Kanta ya zauna ya ci tuwo.