Lallen da ya rufe hannun Kubura

Kubura ƙanwata ce, kuma duk macen da ta san kitso a Diffa ta san hannunta. Kai, yarinyar nan! In ta kama kanki sai ki ji kamar barci ake zuba miki. A wani ƙauye kusa da Geskeru aka haife ta, bakin kogin Komadugu. Tun tana ƴar mitsitsiya, mu muna shanyar tattasai, ita tana gefe tana kitse gemun masara.

Da zaman bakin kogi ya gagara saboda tashin hankali, ita da mijinta Ari suka taso Diffa, bayan gari, ɗakin zana da tamfal. Ari ba gona, sai dako a kasuwa ran da aka dace. Kitson nan shi ke ɗora tukunya.

Haihuwarta ta fari, Mus'ab, sai da aka tsaga ciki. Kafin a sallame ta, Madam Karima, ungozomar likita, wato asibiti, ta zaunar da ita.

"Kubura, buɗe kunnenki. Ɗinkin nan ɗanye ne. In wani ciki ya shiga bai yi ƙwari ba, mahaifa tana iya fashewa, a rasa ke, a rasa ɗan."

Ta ba ta pilil, ƙwayar tazarar haihuwa. Ari bai ja ba, ya ce shi da rai yake son matarsa. Kullum tana sallame sallar asuba take haɗiya, ko ran biki ba ta mancewa.

To sai ga makero. A kan yaran da take wa kitso ta kwaso shi. Ya zagaye mata bayan hannu, ya gangara farce. Delu, matar wani Alhaji Badamagare mai shago, ita ta fara gani.

"Ke Kubura, wannan zanen sabon yayi ne? Ɗage min hannunki, Alhaji bai auri mai sanƙo ba!"

Aka yi dariya, har da Kubura. Amma Delu ba ta sake zuwa ba.

Ran nan Lado mai tallan magani a tire ya gifta, ta ja shi gefe ta nuna masa. Ya ce, "Yaya, girizo za ki sha. Kullum, har farce ya sake sabo."

"Ina shan wani na mata fa."

"Wancan na ciki, wannan na fata. Ina ruwan wani da wani?"

Ta ga maganar ta zauna, ta saya. Don kada sauran mata su gudu, ta kwaɓa baƙin lalle ta zane hannun har wuya. Yana fara koɗewa ta sake wani.

Da ta koma karɓar pilil, layi cike da mata, rabinsu masu zuwa kitso wurinta, labule kaɗai ne tsakani. Madam ta kalli hannun ta ce, "Masha Allah, biki ake ba gayyata? Babu wani ciwo dai ko?"

Kubura ta kalli labulen. "Lafiya lau, Madam."

Bayan nan jini ya fara ɗiga mata ba lokacinsa ba, ta ce zafin gari ne. Daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Da aka auna, ciki ne. Kubura ta yi ta rantsuwa ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Sai da Madam ta matsa da tambaya ta kwance bakin zane, ta fito da sauran girizon.

Madam ta dafe kai. "Wannan yana iya karya ƙarfin pilil, Kubura. Da na ga hannun nan ba lalle, da na sake miki wata hanyar. Kuma ba ya yi wa mai ciki kyau. Daga yau ki bari."

Tun ranar Kubura ta sa wa ranta tafiya ce ba dawowa. Ciki yana tasowa, tana ta shafa tabon ɗinkin. Ta fara kawo Mus'ab gidana yana kwana, wai ya saba. Ta naɗe tsinken kitsonta da matajinta a tsumma ta miƙo min.

"Ya Fatime, ajiye. Kar ki ba Delu ko aro."

Watan haihuwa bai kama ba ta faɗi a bakin murhu. Ari ya ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa likita. Abin da Madam ta faɗa, shi ya faru. Ƴar ba ta zo da rai ba, mahaifar ma aka cire.

Amma Kubura ta farka! Wallahi ta buɗe ido! Mu a waje guɗa muka rangaɗa har aka kore mu. Muka dafa shinkafa da kifi, muka raba wa unguwa.

Yanzu tana gida. Lallen ya koɗe, makeron yana nan, kuma ko ƙwayar ciwon kai aka miƙa mata sai ta kau da kai. Matan sun sami wata mai kitso. Tsinken yana nan cikin akwatina, ba ta tambaya ba.

Jiya muna zagaye da ita muna ta hira da shewa, ita fuskarta na kallon bango. Can ta ce, "Ya Fatime, ku rage dariyar nan. Ɗinkina yana ja."