Waƙar Hafizu da Mahaifiyarsa Ba Ta Ji Ba

Wata rana, a wani situdiyon ɗaukar waƙa da ke saman bene a Funtuwa, wani mawaƙi mai suna Hafizu ya shigo yana dafa bango. Ciwon ƙoda ya cinye shi, har agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu.

Waƙa ɗaya ya zo yi, ta mahaifiyarsa.

Mai situdiyon, Tasi'u, gwani ne wajen haɗa sauti, kuma ya san shi gwani ne. Yana da wasu manyan sifiku da in ya saki kiɗa, sai ka ji shi a ƙirjinka.

Hafizu ya rera a zaune, yana hutawa bayan kowane baiti. Muryar ta yi siriri, amma akwai daɗi.

Tasi'u ya ga muryar ba ƙarfi, sai ya ce bari ya cika waƙar da bes, wato amon nan mai kauri da ke girgiza ƙasa. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa.

A manyan sifikunsa, abin ba a magana.

Ƙa'idar aikin ita ce ka gwada waƙa a waya, a mota, a ƙaramar rediyo, domin abin da babbar sifika ta ɗauka, ƙarama ba za ta iya ba. Tasi'u ya san wannan sarai. Ranar dai ya ji kunnensa ya wuce gwaji.

Ya tura waƙar a memori, ya miƙa wa Hafizu. Bayan mako guda kwamfutarsa ta cika, ya goge asalin muryar don ya samu wurin sabon aiki.

Ba a yi wata ba, Allah ya yi wa Hafizu rasuwa.

Tasi'u ya je ta'aziyya ƙauyensu. Ya tarar da mahaifiyar Hafizu, Inna Kulu, a kan tabarma, da 'yar rediyonta mai cin memori a cinya.

Ta kunna masa.

Garrr. Garrr. Rediyon na kakkarwa kamar za ta tsage. Can ƙarƙashin ƙarar, wani abu mai kama da muryar mutum na nutsewa.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce kai ka yi masa aikin. Me yake ce mini a ciki?"

Ya ce, "Inna, zan gyara."

Ta ce, "To ka hanzarta. Kullum sai na kunna, ban taɓa kama ko kalma ɗaya ba."

Kwana uku yana fama. In ya rage bes ɗin, sai muryar ta fito a shaƙe, kamar ta wani daban. Kiɗa da murya sun riga sun cakuɗe, kuma asalin babu.

Daga ƙarshe ya ɗauko Inna Kulu a mota ya kawo ta situdiyo. A nan ne kaɗai ta ji ɗanta yana cewa ta yafe masa wahalar jinya.

Ta saurara sau biyu. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce a mayar da ita gida kafin la'asar.

Ba ta sake zuwa ba. Ƙafafunta ba za su iya sake hawa benen ba.

Darasi: Duk aikin da ka yi wa mutum, ka auna shi da abin da ke hannun wanda zai amfana, ba da naka ba. Kuma kada ka yi saurin goge abin da ba ka da ikon dawo da shi.

Ka tura wa wani mai sana'a da ka sani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.