Nas da Ciyawar Ƙofar Gida

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana jinyar yara a asibiti, shi ya sa har yau unguwa Nas take ce mata. Mace ce mai kafiya, ko likita ba ya ɗaga mata murya sau biyu. Da ta yi ritaya ta rasa wanda za ta yi jinya, sai ta koma kan 'yar ciyawar da ta shuka a ƙofar gida.

Ciyawar kuwa abin tausayi, nan tsiro can sanƙo. Babban ɗanta ya dube ta ya ce, "Mama, wannan ai ta mutu. A zuba siminti kawai, in samu wurin ajiye mota."

"Ba ta mutu ba. Ka ba ni wata biyu."

Maganar ta yi mata ciwo. Tun da ta ajiye aiki 'ya'yanta suka fara yanke hukunci a gidanta, sai daga baya ta ji labari.

Ta haɗiye girman kai ta je wurin maƙwabcinta, mai kula da filin ƙwallo. Ya tambaye ta yadda take ba ciyawar ruwa.

"Sau uku a rana, kaɗan-kaɗan. Safe, rana, yamma."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mama Nas, ai ba zazzaɓi take yi ba. Kin saba mata da ruwa a sama, me zai sa saiwa ta sauka? Sau biyu a mako, da sassafe, ki jiƙa ƙasar ta ƙoshi. Taki kuma ki barbaɗa shi daidai, ki bi shi da ruwa, kada ya ƙona ta."

Ta dawo tana ƙunƙuni, amma ta bi. Makon farko ciyawar ta yi yaushi, hannunta na ƙaiƙayin ɗaukar bokiti, ta daure. A mako na huɗu tsiro ya fara rufe sanƙon.

Ɗan bai jira ba. A mako na shida ya turo magini da buhunan siminti. Nas ta ja kujera ta zauna a tsakiyar ciyawar, wadda ta yi kauri har tana ɓoye yatsun ƙafa, ta sa maginin ya kira mata ɗan a waya.

"Ina da rai, kuma gidana ne," ta ce. "Ranar da aka fitar da ni, ku zuba har cikin ɗakina."