Kiɗan Cikin Nafaƙ

Mahaifina bai taɓa son kiɗa ba. A gidanmu na Kano rediyo na labarai ne da karatu, da zarar an sako tallar da ke da ganga sai ya miƙa hannu ya murɗe. Bai kuma yi murna da aurena da direban tasi na Makka ba, ko da yake bai hana ba. Cewa kawai ya yi, yaron da Hausa ma ba ta zauna a bakinsa ba, ta ina za a san cikinsa. Mijina jikan alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna ne, a unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, kuma in ya fara magana da Hausa da Larabci yake ƙarasa ta.

Shekarar da Baba ya zo umara, mijina na ɗauke da wani ciwo da daga ni sai shi muka sani. Makka gari ne na duwatsu, hanyoyi da yawa huda dutse aka yi aka bi ta ciki, nafaƙ muke ce musu. Wata rana mota ta kama da wuta a gabansa cikin wani nafaƙ, hayaƙi ya turnuƙe, ba gaba ba baya, mutane suka bar motocinsu suna laluben bango. Ya fito ko ƙwarzane babu. Amma tun daga ranar, da ya hangi bakin nafaƙ sai hannunsa ya kama rawa, gumi ya keto masa, numfashi ya tsaya masa a wuya. Ya ga likita, an yi masa addu'o'i, ya sha zamzam har na fara tsokanarsa da cewa zai ƙarar wa alhazai. Direban tasi a Makka da ba ya shiga nafaƙ kuwa, sai dai ya sayar da motar.

Abin da ya mayar da shi kan hanya wani kiɗa ne da ya tsinta a waya, wai trip hop. Ranar da na fara jinsa dariya na yi. Na ce wannan wane irin kiɗa ne, ba a rawa da shi, ba ya wasa kowa, mai gangar kamar an tashe shi daga barci. Ganga ce guda mai nauyi, ta buga, ta jira, ta sake bugawa. A ƙarƙashinta akwai wani gurnani da ba kunne ke jinsa ba, ƙirji ne. Sai gogen Turawa masu yawa su taso tare a hankali, su yi sama, su tsaya can kamar za su faɗi wani abu, su fasa. Wani lokaci muryar mace ta ratso daga nesa, ba ka ma damu da abin da take cewa ba. Mijina ya ce in kiɗan na tashi, ji yake kamar ba shi ke tuƙi ba, wani mutum yake kallo a fim yana tuƙi, kuma ya san mutumin zai fita. Da abin sauraro na maƙalawa a kunne ba ya yi masa aiki, sai a lasifikar mota, inda gurnanin ke shiga kujera ya taɓa masa baya.

Ni mai dariyar, ban jima ba na kamu. Ina girki in kunna, in leƙa taga, sai in ga lungunmu ya canza. Mai sayar da burodi, tsohuwar da ke jan buhun kayan wanki, kuliyoyin bola, kowa tafiya yake kamar da labari a bayansa. Kewar gida da ke cina a lokacin sai ta sami wurin zama, ta daina bin ni ɗaki-ɗaki. Har yau ban san wani kiɗa da ke yi mini haka ba.

Baba ya ƙi sauka a gidanmu, kamar yadda na san zai ƙi. Ina shi ina kwana a gidan suruki. Ya sauka da 'yan tawagarsa a unguwar Kudai, ya dai yarda mu kai shi Harami ya yi umararsa. Daga Kudai kuwa hanya mafi kusa nafaƙ ce. Mijina ya kwana yana tsara yadda zai zagaya ta titin sama, domin ba ta yadda za a yi ya kunna kiɗa surukinsa na zaune, sanye da harami, yana talbiya.

Bayan la'asar muka ɗauke shi. Baba a gaba, ni a baya, mijina sai "marhaba ya ammi" yake yi, wato sannu baffa, yana gyara sanyin mota. Muna isa mararrabar da za mu hau titin sama muka tarar an gitta ƙarafa, askari, wato ɗan sandan can, yana kaɗa hannu, kowa ya bi dama. Mijina ya sauke gilashi ya roƙe shi da Larabci. Askarin ko kallonsa bai yi ba. Bas ta matso mu ta baya, wata ta gefe, muka gangara tare da su.

Da farko na ɗauka za mu tsira, don motoci na tafiya. Na ƙura wa ƙeyarsa ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Hasken rana ya ɓace a bayanmu, fitilu masu ruwan ɗorawa suka karɓa, manyan fankokin sama suna ruri. Muna tsakiyar dutsen komai ya tsaya cik.

Na ga gumi ya fara jiƙa wuyan rigarsa. Na ga ya riƙe sitiyari da hannu biyu, duk da haka sitiyarin na motsi. Warin hayaƙin bas ya shigo ta wani wuri, ya yi tari, ya soma jan numfashi guntu-guntu kamar wanda ya yi gudu. Baba bai lura ba, idonsa na gaba, yana ta labbaika. Can motar gabanmu ta matsa, fili ya buɗe, mu ba mu motsa ba. Na baya suka danna ham, ƙarar ta bugi bango ta dawo mana ninki.

Baba ya katse talbiya ya juya. "Malam, lafiya?"

"Ma fi shai, ya ammi," in ji shi, wato ba komai, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Sai na ga hannunsa na hagu ya saki sitiyari yana laluben mariƙin ƙofa. Na san abin da ke biye. Zai fita ya ruga, ya bar mahaifina cikin harami a tsakiyar nafaƙ, ni kuma ko tuƙi ban iya ba, kuma a lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar. Na kuma san mijina. In haka ta faru ba zai ƙara iya haɗa ido da Baba ba har abada. Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na askarin, na masu ham, har da na Baba da bai yi laifin komai ba.

Na dafa kujerar Baba na faɗa masa. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon haka a kan mijina ba, kunya ba ta bari. Na faɗi wutar, na faɗi rawar hannun, na faɗi likita da addu'o'in. Na ce akwai wani kiɗa a motar, in an kunna yana iya wucewa. Ina faɗin kalmar kiɗa na ji kamar na zagi wani a masallaci.

Baba ya dubi mijina, ya dubi hannun da ke kan ƙofa. Wani direba ya sauko daga bas yana dukan bayan motarmu da tafin hannu.

Baba ya ce, "Ba abin da ke yi masa sai shi?"

"An gwada, Baba."

Ya gyara mayafin haraminsa a kafaɗa. "To kunna masa. In mun fita ki taɓa ni."

Ya sa yatsunsa biyu ya toshe kunnuwansa, ya rufe ido, leɓensa ya ci gaba da motsi.

Na miƙa hannu ta tsakanin kujeru na danna. Abin da nake so a kiɗan nan shi ya fi ba ni haushi a ranar: ba ya sauri. Sai da ya gama 'yar ƙarar nan tasa kamar mai na soyuwa a wuta kaɗan-kaɗan, sai da goge ɗaya ya gama jan dogon numfashinsa, sannan gangar ta faɗo. Ta jira. Ta sake faɗowa. Na ƙara murya har gilashi na zirr, na ji gurnanin ya shiga kujerata. Mijina bai saki ƙofar nan da nan ba. Kafaɗunsa ne suka fara sauka, sannan numfashin ya fara bin gangar, yana tsere mata, yana dawowa. Da sauran gogen suka taso gaba ɗaya, ya mayar da hannu kan sitiyari, motar ta gusa.

Haka muka yi ta rarrafe a bayan bas, kiɗa na cika mota, tsoho na zaune da yatsu a kunne. Hawaye nake yi ban ma sani ba sai da na ji gishiri a bakina. Da haske ya bayyana a gaba, muka fito cikin rana da tururuwar mutane, na kashe kiɗan tukuna, sannan na taɓa kafaɗar Baba.

Ya sauke hannunsa. Muka tsaya inda ake sauke mutane. Mijina ya zagayo da sauri ya buɗe masa ƙofa, kansa a ƙasa, yana neman kalmar ba da haƙuri da Hausa ta ƙi zuwa. Baba ya sauko, ya sa takalmansa sosai, ya dube shi.

"In na gama zan sa a kira ka, ka zo ka ɗauke ni," ya ce. "Ta nan za mu koma. Kada ka zagaya saboda ni."