Furen da Suka Aiko Gidan Kawu Sale

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sale direba. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin ina gudun a ce na ci mutuncin manya, ni kuwa ba mai son fitina ba ne. Amma Satumba ta zagayo, shugabannin duniya sun cika otal-otal na Manhattan a Amurka don taronsu na shekara, na kuma sake ganin hoton nan da na gaji da gani: wani babba daga gida ya sunkuyar da kai a wurin tunawa da mutanen da suka mutu a dogayen benayen nan biyu da aka kai wa hari da jiragen sama, ga kambun furanni a gabansa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Waɗanda aka rubuta sunayensu a wurin sun cancanci a tuna da su. Ba da su nake ba. Da masu sunkuyar da kan nake.

Kawu ya fi kowa sanin wannan sunkuyon, don shi ke tuƙa tawagar ƙasarmu duk shekara, shi kuma ake aike ya karɓo furen. Ya taɓa gaya mini cewa guda biyu ake saye, ɗaya a ajiye a bayan mota ko da na farkon zai lalace a hanya. Ya ce da zarar mai kyamara ya sauke hannu, alhinin ya ƙare. Kafin a rufe ƙofar mota an koma zancen kantin da za a sayo agogo. Wataƙila ba dukansu ba ne. Ni dai ban ji ya ware kowa ba.

Shi kuwa Kawu, ta'aziyya ba ta wuce shi. Ko mutumin Nijar ne mai tebur a Fordham Road, ko ɗan zangon Ghana da sau ɗaya suka taɓa haɗa sahu, zai ajiye mota ya hau bene, ya cire takalmi, ya zauna a kafet. Ba ya doguwar magana. Ya ce "Ya haƙuri?", a yi addu'a, ya ɗan jima, ya tashi.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a makon taron, bayan ya sauke su a otal. Washegarin jana'iza aka bugo waya cewa mai girma, shugaban tawagar, da kansa zai zo gaisuwa. Matar Kawu, Inna Rabi, tana cikin takaba, amma ta sa aka fitar da kujeru daga falon nan nasu na Morris Heights da ke yankin Bronx, aka shimfiɗa kafet, aka dafa shayi. Dattawa suka saka manyan riguna suka zauna tun azahar. Aka yi la'asar, aka yi magariba. Sai ga ɗan aike da kambun furanni, ya miƙa daga bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

Ni na karɓa. A jikinsa akwai ƙyalle mai rubutun Turanci, wai gwamnati da jama'armu suna jajanta wa al'ummar Amurka. Na biyun nan ne, na bayan mota, wanda Kawu ya ɗauko da hannunsa. Ko ƙyallen ba su cire ba. Inna ta leƙo daga ɗaki ta dube shi, ta ce, "Nura, wannan a miya ake sa shi?" Babu wanda ya yi dariya. Mutanen da suka tashi a gidajen da ake zaman makoki, waɗanda suka san ba a kai wa Musulmi fure, su ne suka aiko wannan.

Bana wani jami'in tsare-tsare na tawagar ya neme ni. Ya ji ina da digiri na biyu, ina kuma aiki a kantin magani a Parkchester. Yana so in yi musu tafinta a wurin ajiye furen, ya kuma nuna cewa daga nan ƙofar aiki na iya buɗewa. Ba zan ɓoye ba, ina son aikin. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Ka je, ɗana. Amma ka ce musu har yanzu kafet ɗin yana nan. Ko ƙaraminsu ne ya zo ya ce Allah ya jiƙan Sale, ya ishe ni."

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa ba tare da na ɓata wa kowa ba. Na kira jami'in a waya na ce, "Ranka ya daɗe, idan da hali, gidan ba nisa, jirgin ƙasa mai lamba huɗu ma yana kaiwa."

Ya ce, "Bronx? Haba Malam Nura, ka san yadda lokacin mai girma yake." Sai muryarsa ta washe kamar ya gano mafita. "Amma ba matsala. Akwai fure guda da zai ragu."

Na yi masa godiya, na ce ba zan samu zuwa tafintar ba. Na ajiye wayar, kuma har yanzu ban tabbata na yi wa kaina adalci ba. Da Kawu na nan, ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai dai tambaya ko har yanzu a bayan mota suke ajiye shi.

Ranar da suka je ajiye furensu, na hau jirgin na tafi Morris Heights. Sunan Kawu ba ya kan wani dutse, ba kuma zai hau ba. Amma tun daga matakala na tarar da takalma jere a ƙofar Inna, na masu tebur, na direbobi, na mutanen da ya taɓa zama a kafet ɗinsu. Babu wanda ya gayyace su, sun dai tuna makon rasuwarsa ne. Na cire nawa na ajiye a ƙarshen layi, na shiga na durƙusa, na ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?"

Ta duba bayana ta ga ba kowa. Ta ce, "Da godiya. Zauna, shayin bai huce ba."