Cleophas Narcisse, Raken Marchand

Haihuwa da Asali

An haifi Cleophas Narcisse ranar tara ga watan Nuwamba na shekarar 1943, a ƙauyen Belle Anse da ke kudancin jihar Louisiana, ana tsakiyar kakar saran rake. Mahaifinsa, Ozeme Narcisse, lebura ne a gonakin raken da ke bakin kogi, mahaifiyarsa kuwa, Eulalie, ita ce mai dafa wa masu sara abincin rana. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai, kuma tun yana ɗan shekara goma ya fara bin mahaifinsa gona, inda aikinsa shi ne wurga damin rake cikin amalanke. A nan ne damtsensa ya yi ƙwari, har manya suka riƙa tsayar da amalanken nesa da gangan don su ga ko zai kai, shi kuwa bai cika ba su kunya ba.

Karatu da Wasa

Ya yi karatun farko a makarantar cocin ƙauyensu, ya shiga sakandare a shekarar 1958, inda ya soma buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Tun a makon farko aka ɗora shi a matsayin mai jifa, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace arangama, shi ke ba da umarni, shi ke jefa ta ga masu gudu, in an yi nasara shi ake ɗagawa, in an sha kashi kuma shi ake zagi.

A shekarar 1962 ya samu gurbi a Kwalejin Marchand, ɗaya daga cikin kwalejojin baƙar fata na jihar, masu koriyar riga. Babbar abokiyar hamayyarsu ita ce Kwalejin Ashby da ke arewa, masu jar riga, kuma duk Asabar ta uku ta watan Nuwamba ake karawa tsakaninsu. Lokacin da Cleophas ya zo, shekara bakwai ke nan Marchand ba ta yi galaba ba, har 'yan Ashby suka ɗauki al'adar zuwa da ƙyallayen share hawaye suna raba wa mutanen gari a ƙofar fili.

A karawar 1964 aka wuni ana ruwa, fili ya zama taɓo, Marchand tana baya da maki huɗu, lokaci kuma ya kusa cika. Cleophas ya karɓi ƙwallo, ƙarti biyu suka rufo shi, ya zame ya durƙusa da gwiwa ɗaya saura kaɗan ta taɓa ƙasa, ya miƙe ya wurga ta tun daga tsakiyar fili, abokinsa ya cafe ta a bayan layin ci, Marchand ta samu maki shida ta yi galaba. Jama'a suka ɓalle shinge suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin kasuwa. Wani manomi ya zaro rake daga motarsa ya ɗaga yana ihu, "Rake! Rake!" Daga ranar sunan ya bi shi, kuma magoya baya suka riƙa zuwa kallo da karan rake a hannu. A shekarar 1965 ya sake lallasa Ashby a gidansu, ya kammala karatu a 1966.

Aiki

A wannan shekarar wata ƙungiyar ƙwararru daga arewacin ƙasar ta gayyace shi gwaji. Suka yaba da ƙarfinsa, amma suka ce za su mayar da shi mai gudu, domin a wancan zamani ba a cika damƙa wa baƙar fata jagorancin 'yan wasa ba. Ya saurare su cikin ladabi, ya yi godiya, ya hau jirgin ƙasa ya dawo. Da aka tare shi a tasha ana tambayar abin da ya faru, abin da ya ce kawai shi ne, "Sun ce in yi gudu, to ga shi na gudo."

A shekarar 1967 ya kama aikin raba wasiƙu a garin Marchand, aikin da ya riƙe shekara talatin da ɗaya. Unguwar da wani zai gama kafin rana ta take, shi sai la'asar, saboda ba ƙofar da zai wuce ba a tsayar da shi ba. Wannan ta miƙo masa kwanon shinkafa da miyar gumbo, wancan ya jawo shi ya ga jaririn da aka raɗa wa sunansa, tsofaffi kuma su zauna a baranda suna kira, "Kar ka hawo, Rake, jefo daga nan!" Sai ya tsaya a bakin titi ya wurgo ƙunshin ya faɗa kan cinyar mai shi, a yi ta tafi. Wilfred Ledet, mai shagon aski na bakin kasuwa, ya rataye hotonsa a saman madubi, ya kuma yi rantsuwa ba zai taɓa karɓar kuɗin askinsa ba. Haka nan hukumar kwaleji ta ba shi alfarmar kaɗa tsohuwar ƙararrawar da ake buɗe wasa da ita duk ranar karawa da Ashby.

Aure da Iyali

A watan Yuni na 1968 ya auri Odessa Guillory, wadda ta kasance mai busa sarewa cikin 'yan badujalar kwaleji, aka ɗaura auren a cocin Katolika na garin. Ita kaɗai ce a Marchand ba ta ga shahararriyar jifar ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Takan ce, "Ina can ina tsiyaye ruwa daga sarewata, sai na ji ihu. Ni dai na san mai barin safa a falo." Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1969 da 1979.

Na biyunsu, Lucien, shi ya gaji hannun uban, sai dai bahago ne kuma gajere. Kowace yamma suna bayan gida suna jifa har Odessa ta kira su cin abinci. Da ya gama sakandare a 1989, mai horar da 'yan wasan Marchand na lokacin ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba zai hango komai ta saman ƙarti ba. Ba a yi wata guda ba Ashby ta aiko ta ɗauke shi. Mutanen gari suka ɗan yi gunaguni, amma da yake ba a sa yaron a wasa tukuna, benci yake ɗumamawa, maganar ta lafa.

Karawar 1991

A kakar 1991 Lucien ya zama mai jifan Ashby, wasan shekarar kuma a filin Marchand za a yi shi. Tun watan Oktoba gari ba shi da zance sai na inda Cleophas zai zauna. Ranar da ya je aski, Wilfred ya ɗaura masa ƙyalle a wuya ya tsaya da almakashi.

"Rake, mutane na tambayata, ni kuma na ce musu kar su zama sakarkaru. Wajenmu za ka zauna, ko ba haka ba?"

"Zan kaɗa ƙararrawa kamar kullum."

"Ba ƙararrawa na tambaye ka ba."

"Wilfred, da ɗanka ne fa?"

"Ɗana ba zai sa jar riga ba, ko da tsirara zai yi yawo!"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. A gida ya kasa cin abinci, domin mutanen nan su suka ɗauke shi a kafaɗa, su suka ciyar da shi kusan shekara talatin, kuma ya san halinsu. Odessa ta ce masa ita kam ta riga ta sayi jan gyale, in ya ga dama ya biyo ta, in bai ga dama ba ta san hanya.

Ranar wasa ya fito da koriyar rigarsa, ya kaɗa ƙararrawa, fili ya ɗauki "Rake! Rake!" Daga nan, maimakon ya hau kujerarsa, sai ya ratsa tsakiyar fili a ƙafa, a hankali, ya haura cikin masu jar riga ya zauna kusa da matarsa. Kirarin ya mutu, ihun "Ba ma yi!" ya maye gurbinsa, wasu har da jifa da guntun rake. 'Yan Ashby su ma ba su san yadda za su yi da shi ba, sai wani ya matsa masa wuri ya miƙa masa gyaɗa.

An yi kare jini biri jini har ƙarshen lokaci. Marchand tana gaba da maki biyu sa'ad da Lucien ya ja da baya, ya kauce wa mutum ɗaya, ya saki ƙwallo da hagu ta ratsa tsakanin hannaye ta sauka inda ya nufa. Ashby ta ci. Cleophas ya yi niyyar ya zauna shiru saboda kara, amma sai ga shi tsaye a kan benci yana ihu, "Ɗana ne! Ɗana ne wannan!" Duk garin kuwa ya gan shi.

Ran Litinin ya ɗauki jakarsa ya fita aiki. Barandu duk wayam, ba kwano, ba kira. Ya leƙa shagon aski ya tarar an juya hotonsa yana kallon bango. A karon farko tun da ya kama aiki ya gama unguwarsa kafin rana ta take, ya koma gida ya zauna, Odessa ta ce ba ta taɓa ganinsa haka ba.

Haka aka yi mako biyu, har ranar da ya isa gidan Mis Ernestine Broussard, tsohuwar malamar firamare mai shekara tamanin da ɗoriya, wadda ba a taɓa wasa a Marchand ba ta je ba. Ya lallaɓa zai saka wasiƙa a akwati, sai ya ji sanda ta bugi katako.

"Cleophas Narcisse, hawo nan. Kar ka jefo min komai."

Ya hau, ya cire hula.

"Wa ya koya wa yaron nan ja da baya irin wannan?"

"Ni ne, Mis Ernestine."

"Kai kuma a ina ka koya?"

"A nan Marchand."

"To ashe mu muka ci kanmu! Mutanen banzan nan na Ashby, sun yi shekara da shekaru ba su iya haifar mai jifa ba, sai da suka zo aro wurinmu. Zauna, miyar na kan wuta. Ka ban haushi, amma da ka bar yaron nan shi kaɗai a can, da da sandar nan zan karɓe ka."

Kafin Lahadi maganar ta zaga gari. Wilfred ya juyo da hoton, ya kuma liƙa na Lucien a ƙasansa bayan ya shafe jar rigar da koren fenti. A karawar 1992 magoya bayan Marchand suka cika motoci zuwa Ashby da ƙaton ƙyalle an rubuta, "Ku dawo mana da abin aro." Suka yi wa Lucien ihu tun daga farko har ƙarshe, da aka tashi kuma suka yi layi suna rungumarsa suna cusa masa abinci.

Shekarun Ƙarshe

Cleophas ya yi ritaya a shekarar 1998, aka yi masa walimar da ta rufe titin kasuwa. A 2004, cikar shekara arba'in da nasarar 1964, kwaleji ta sanya wa babbar ƙofar fili sunansa. Zuwa lokacin labarin jifar ya yi ƙiba ƙwarai, wasu na cewa a kwance ya yi ta, wasu na cewa mutum biyar ne a kansa, waɗanda suka rantse sun gani da idonsu kuwa sun ninka abin da filin zai iya ɗauka. In an nemi ya raba gardama sai ya ce, "Ni ina ƙasa cikin taɓo, ku ne kuka gani."

Da gwiwoyinsa suka gaza, ɗalibai suka riƙa karɓa-karɓa wajen tura kekensa zuwa fili. Duk sabon mai jifa, kafin wasansa na farko, sai an kawo shi gaishe shi, shi kuma ba ya ba su wata doguwar nasiha, sai dai ya tambaye su ko sun kira iyayensu mata a waya.

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar Talata, takwas ga watan Oktoba na shekarar 2019, a gidansa da ke Marchand, bayan gajeriyar jinya, yana gab da cika shekara saba'in da shida. Ya bar wasiyya ɗaya tak a bakin matarsa: "Kar ku binne ni ran Asabar. Jikinku zai zo coci, hankalinku yana fili." Saboda haka aka yi jana'izarsa ranar Jumma'a. Coci ya cika ya batse har titi, aka rufe shaguna, 'yan badujala suka raka gawarsa da taken juyayi zuwa maƙabartar cocin, a hanyar dawowa kuma suka juya kiɗa, tsofaffi da sanduna suka taka rawa har bakin kasuwa. Washegari kowa ya tafi kallon wasa kamar yadda marigayin ya nufa.

Ya rasu ya bar matarsa, Odessa, da 'ya'ya huɗu: Marguerite, shugabar makarantar firamare; Lucien, mai horar da 'yan wasa a sakandaren Belle Anse; Alphonse, direban jirgin ruwa; da Celestine, ma'aikaciyar jinya, wadda ya cika a hannunta. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Ban da waɗannan, akwai maza da dama a Marchand da kewaye masu amsa sunan Cleophas, waɗanda bai haifa ba, amma a coci suka nemi a ba su wuri a layin iyali, Odessa ta sa aka ƙaro kujeru. Allah Ya ji ƙansa, Ya albarkaci bayansa.