Ɗan Ladan a Ajin Jita

Ni matsoraci ne, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Kare ya yi haushi a wata unguwa, ni ne mai sauya hanya. Amma tsoron da na sha a kwana ukun da na yi ina koyon jita a Kura ya fi ƙarfin na kare, kuma ba wanda ya aike ni, da ƙafata na kai kaina.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Bunkure. Ina da mata da 'ya ɗaya, da ɗan filin tumatir a bakin kanal kamar kowa, tun da ruwan dam ya iso mana. Mahaifina shi ne ladanin masallacinmu, ya gada ne daga nasa uban. Da tari ya ci masa ƙirji, murya ta dushe, sai ya ce in riƙa kira a madadinsa. Shekara biyu ina yi. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan tsayuwa: in sa yatsa a kunne, in ji muryata ta tsallake gonakin alkama, in hango mutane suna ajiye fartanya. Kowa ya san ranar da Baba ya kwanta dama, ni ne ladan.

Sai dai ina da jita. Wani ɗan bautar ƙasa da muka yi koyarwa tare ne ya bar mini ita da zai koma garinsu, na ɓoye ta a bukkar gona, bayan buhunan taki. A wajenmu kiɗa sana'ar gado ce, ta maroƙa. Muna son su, muna gayyatar su biki, amma ba mai miƙa musu kiran salla. Baba bai taɓa hana ni kiɗa ba, don ko a mafarki bai zaci akwai bukatar hani ba. Mutum ɗaya ya san sirrina, wani dattijon Bafulatani da ke shigo da shanunsa gonata bayan girbi. Yakan jingina da sandarsa ya saurara, ya yi murmushi, ya wuce.

Rannan aka sanar a rediyo cewa shahararren makaɗin nan da kasa-kasansa suka cika shagunan shayi zai zo Kura ya koyar da jita na kwana uku. Garaya ya gada, daga baya ya ɗauki jita ya sa ta yin Hausa. Na kwana biyu ina gaya wa zuciyata ta yi hankali, ba ta ji ba. Lokacin hutu ne, sai na ce wa Baba an kira malamai kwas. Ya yi mini addu'a, ya ce ɗan ƙanensa zai riƙe azahar da la'asar, in dai yi ƙoƙari in riƙa dawowa kafin magariba. Na ce amin, ina kallon ƙasa.

Na zura jitar a buhun taki, na naɗe wuyanta da tsumma, na ɗaure a bayan keke, na bi bakin kanal. Mutum biyu suka tambaye ni abin da na ɗauko, na ce famfon feshi ne zan kai gyara. Na biyun ya ce in an gama in ara masa.

A wani ɗakin taro kusa da sito aka tara mu, mu goma sha biyu. Yawancinmu 'ya'yan makaɗa ne, sai ɗalibai biyu daga Dawakin Kudu da wani direba. Na zaɓi bencin da ya fi nisa da taga. Da mutumin ya shigo ban yarda shi ne ba: ɗan siriri, haƙora jajir da goro, duk girman yana ga muryar. A bayansa akwai sanƙiransa, wato mai yi masa shela a wurin wasa, ƙaton mutum da ya kusa cika ƙofa.

Mun zaci za a fara da kiɗa. Da farce aka fara. Makaɗin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba hannun hagu, wanda farcensa ya yi tsawo ya miƙa masa reza. Sannan ya karɓi jitocin ya sassauta tsirkiyoyinsu, ya ɗaure su irin ɗaurin garaya, ya jingine su a bango, ya ce ba mai taɓawa sai bayan azahar. Shi zai kaɗa, mu mu maimaita da baki, muna tafi. Ya ce abin da baki bai iya faɗa ba, hannu ba zai kaɗa shi ba. Haka muka wuni, manyan mutane da gemu, muna ta “din-din-diri-din” kamar 'yan aji ɗaya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Tashin hankalin shi ne al'adarsu ta makaɗa, cewa ba a koyar da mutum sai an san gidan da ya fito. Kowa ya faɗi ubansa da abin da yake kaɗawa. Da aka zo kaina na ce ni ɗan manomi ne. Makaɗin ya sa ni in rera abin da ya kaɗa, na rera. Ya daɗe yana kallona yana tauna goro.

“Malam,” in ji shi, “wannan muryar ba a gona aka horar da ita ba.”

Ya wuce kan na gaba. Daga nan duk ƙararrawar keken da ta kaɗa a waje sai gabana ya faɗi, in ce ga ɗan garinmu nan ya leƙo.

Rana ta biyu yatsuna suka tsage. Ya ce kowa ya jure, sai kanta ta fito a yatsu ake zama makaɗi. A gida na riƙa ɓoye hannun hagu a aljihu, matata ta ce ko kunama ce ta harbe ni a kwas ɗin. Amma in faɗi gaskiya, a ranar akwai lokacin da hannuna ya kama abin da bakina ke faɗa, mutumin ya ɗaga kai ya ce “yauwa”, na ji wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Daɗin ya fi komai tsorata ni, domin na gane ba wasa nake yi ba.

A rana ta uku ya ce a kwashe bencina a fita. Shi ba ya yaye ɗalibi a cikin ɗaki, kiɗa sai da jama'a. Ranar kuwa ta zo daidai da kasuwa. Na bi shi gefe, na ce ya yi mini uzuri, kaina ke ciwo. Ya ce, “Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, Malam. Ɗauko jitarka.”

Da ina da zuciya da na hau keke na gudu. Amma matsoraci ko gudu sai ya ji tsoron a ce ya gudu. Aka zaunar da mu a ƙarƙashin wata tsamiya, aka ɗaura lasifika a reshe, kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Na janyo hula har gira. Da aka zo kaina ban ɗaga ido ba, na kafa shi a kan tsirkiya, gumi na ɗiga a kan katakon. Abin haushi, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Ina cikin kaɗawa na ji an ture hular baya, an danna mini wani abu a goshi. Na ɗaga ido. Dattijon Bafulatanin nan ne, ya zo sayen kanwa, fuskarsa fal murna, ya liƙa mini naira ɗaya, gumi ya riƙe ta gam. Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi. Shi dai ya ga malamin da ya sani ya yi abin kirki a gaban mutane.

To a wurin makaɗa kyauta ba ta wucewa shiru. Aikin sanƙira ne ya faɗi wanda ya bayar da wanda aka ba, kowa da asalinsa. Ina gani ƙaton nan ya sunkuya yana tambayar dattijon, ina gani dattijon yana nuna ni yana ba da amsa dalla-dalla. Sanƙira ya gyara tsayuwa, ya kai baki ga lasifika, ya shelanta wa kasuwa kaf cewa mai shanu ya ba da naira guda ga ɗan ladanin garinmu, jikan ladan, mai kiran salla da safe, mai kaɗa jita da rana. Mata suka yi guɗa. A bayan taron na hango motar tumatir ta ƙauyenmu, da yaran motar a tsaye a kan kwanduna suna leƙe.

Ban san yadda na sallami kowa ba. Na taka keke kamar ana bina, ina addu'ar Allah ya sa motar ta yi faci. Tun kafin rabin hanya ta wuce ni, ba wanda ya ɗaga mini hannu.

Na isa rana na shirin faɗuwa. Na jefa buhun a bukka, na yi alwala a bakin kanal, na nufi masallaci da sauri, ruwa na ɗiga daga gemuna. Sai na tarar da Baba a tsaye a wurin kira, hannu ɗaya dafe da bango, ɗaya a kunne. Shekara biyu rabonsa da wurin. Muryar ta fito a tsage, tari ya katse ta sau biyu, ya jira, ya ci gaba. Ko gidan da ke jikin masallacin ba na tsammanin sun ji. Na tsaya a bayansa, ban iya matsawa gaba ba, ban iya komawa ba.

Bayan an idar na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi hanya. Na buɗe baki zan ce “Baba”, ya ɗaga mini hannu.

“Ka sha aiki yau,” in ji shi. “Je ka huta.”

Shi ya ci gaba da kira har muryar ta ƙare gaba ɗaya, sannan ya miƙa wa ɗan ƙanensa. Bai taɓa ɗaga maganar ba har ya rasu. Hutun da ya ba ni ran nan, shi nake yi har yau.